Ciwon Damuwa Da Na Fargaba: Ina Gardamar Likitoci Ta Kwana?

Akwai wasu marasa lafiya waɗanda kowane malamin asibiti a ƙasar nan ya san irinsu. Mutum zai zo ya ce kansa yana zafi kamar an ɗora masa garwashi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko ƙirjinsa yana dukan uku-uku ba dalili, ga rashin barci, ga abinci ya fita ransa. A auna jininsa a ce taifot ne. Bayan wata guda ya komo, a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ya sake komowa, a ce olsa ce. Kuɗi su ƙare, ciwo yana nan inda yake. Da dama daga cikin waɗannan bayin Allah, abin da ke cin su awon jini ba ya nuna shi. Ciwon damuwa ne, ko ciwon fargaba, ko kuwa duka biyun, domin sau da yawa tare suke tafiya kamar tagwaye.

Ba ɓacin ran kwana biyu muke nufi ba, wanda babu ɗan Adam da ya tsira daga gare shi. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum mutum zuciyarsa a cushe, abin da ya saba jin daɗinsa ya daina yi masa daɗi, ƙarfinsa ya tafi, barci ya lalace, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, har wani lokaci ya riƙa jin gara ya mutu ya huta. Shi kuwa ciwon fargaba, zullumi ne da tsoro wanda ya wuce kima, ya yi watanni ya ƙi sakin mutum. Wani ma yakan zo masa farat ɗaya, zuciya ta kama bugawa, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ya tabbata yau kwanansa ya ƙare, bayan 'yan mintoci kuma abin ya lafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, miliyan 301 kuma da ciwon fargaba, kana a shekarar farko ta annobar korona adadin ya ƙaru da wajen kashi 25 cikin 100. To, abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, su kansu likitocin ƙwaƙwalwa suna ta gardama a tsakaninsu kan yadda ya kamata a yi jinyar waɗannan cututtuka, gutsattsarin gardamar kuwa yana isowa wayoyin hannunmu, wani ya karanta rabi ya je ya zubar da maganinsa. Ya kamata mu san a kan me ake gardamar, da kuma abin da ba a gardama a kansa.

Yadda ƙwayoyin suka samu

Maganin damuwa na farko tsintuwa aka yi. A 1952 ana gwada wani sabon maganin tarin fuka a wani asibiti a birnin New York na Amurka, sai aka lura marasa lafiyar da ke shan sa sun ware, suna cin abinci, suna fara'a. A 1957 kuma wani likita a ƙasar Suwizalan mai suna Roland Kuhn ya ba da labarin wata ƙwaya, imifiramin, wadda aka yi niyyarta don masu taɓin hankali ba ta yi musu amfani ba, amma ta ɗaga masu ciwon damuwa. Ƙanwarta ita ce amitiriftilin, wadda ta fito a 1961, har yanzu kuma ana ba da ita a asibitocinmu saboda araharta. A ƙarshen 1987 Amurka ta amince da fuluksetin, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Prozac, daga nan danginta irin su satralin suka biyo baya.

Da yake an ga waɗannan ƙwayoyi suna taɓa wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, sai aka yi zaton ƙarancin sinadarin ne ke kawo ciwon. Bayanin ya yi sauƙin faɗa, ya yi wa kamfanonin magani daɗin talla, ya kuma sanyaya zuciyar marasa lafiya, tun da ya nuna musu ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru haka ake gaya wa mutane.

A watan Yuli na 2022 wata farfesa a Landan, Joanna Moncrieff, ita da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi kan wannan batu suka duba, suka ce babu wata tabbatacciyar shaida cewa ƙarancin sirotonin ne ke jawo ciwon damuwa. Labari ya zaga duniya. Waɗansu suka ɗauka an ce maganin ƙarya ne. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa da yawa suka amsa cewa su sun daɗe da barin wancan bayani, kuma rashin sanin yadda magani ke aiki bai nuna ba ya aiki ba. Misalin da suka riƙa bayarwa shi ne, Panadol yana kwantar da ciwon kai, amma babu mai cewa ƙarancin Panadol a jiki ne ke kawo ciwon kan. A ganinmu amsar ta yi daidai, sai dai akwai abin tambaya: in sun daɗe da sani, me ya hana su faɗa da ƙarfi tun da wuri?

Shin yana aiki ko kuwa? Yadda ake gwada magani shi ne a raba marasa lafiya gida biyu, a ba waɗansu na gaske, a ba waɗansu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ba tare da sun san wanne suka samu ba. A 2018 Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da jama'arsa suka haɗa gwaje-gwaje har 522, da ya ƙunshi mutum fiye da 116,000, suka ga dukan magunguna 21 da suka duba sun fi ƙwayar banza. Amma tazarar ba ta da faɗi kamar yadda ake zato, domin masu shan ƙwayar banzar ma da yawa sukan ji sauƙi, saboda sa rai, da kulawar da ake yi musu, da kuma wucewar lokaci. Tun a 2008 wani masani, Irving Kirsch, ya nuna cewa in ciwon mai sauƙi ne bambancin kaɗan ne ƙwarai, sai a wajen waɗanda ciwon ya yi wa tsanani ne yake fitowa sosai. Akwai kuma wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2006, mai mutum wajen 4,000, inda aka ga kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka warke sarai da ƙwayar farko. Masu binciken suka ce in ana canza magani har sau huɗu, kashi 67 cikin 100 za su warke. A 2023 waɗansu suka sake lissafa alƙaluman nan bisa ƙa'idar da aka tsara tun farko, suka ce abin bai wuce kashi 35 ba.

Abin da muka fahimta daga duk wannan shi ne, maganin yana taimako, kuma ga wanda ciwon ya kayar har ya kasa tashi ya yi wanka, taimakon yana iya zama ceton rai. Amma ba kamar allurar zazzaɓi yake ba. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha kullum kafin a fara ganin sauƙi, wani lokaci har shida, alhali illolinsa su tun kwanakin farko suke bayyana, wato tashin zuciya, ko jiri, ko bushewar baki da nauyin barci ga mai shan amitiriftilin. Nan ne mutanenmu da yawa suke yanke hukunci cewa bai karɓe su ba, su ajiye. Akwai kuma illar da kunya ke hana faɗa: fuluksetin da danginta sukan rage sha'awa tsakanin miji da mata. Wanda ya ga haka ya gaya wa likita, ana iya rage masa ko a canza, kada ya yi shiru aure ya shiga wani hali a rasa dalili.

Abu uku kuma iyali su riƙe. Amitiriftilin in aka sha da yawa a lokaci guda tana taɓa zuciya har ta yi kisa, saboda haka in mara lafiya yana zancen mutuwa, wani babba a gida ne zai riƙe kwalbar ya riƙa ba shi na rana-rana. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido a makonnin farko, don hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2004, ta faɗaɗa shi a 2007, cewa tunanin kashe kai yakan ƙaru ga waɗansunsu a wannan lokaci. Sa'an nan wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu da rabon kuɗi da manyan shirye-shirye marasa kan gado, dole a gaya wa likita, domin ciwonsa wani iri ne dabam, maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da shi.

Ranar da za a daina

Gardama ta biyu ta fi shafarmu. Da can ana gaya wa marasa lafiya cewa in sun daina shan maganin, ɗan abin da za su ji bai wuce mako ɗaya ko biyu ba. Mutane suka yi ta kuka cewa ba haka ba ne, suna jin jiri, da rashin barci, da wani abu kamar wutar lantarki na tsarga musu kai, waɗansu har watanni. A 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta yarda cewa ga waɗansu mutane abin yakan yi tsanani ya kuma daɗe. Ko mutum nawa ne ke shiga wannan hali, a nan ake ja-in-ja. Wani nazari na 2019 ya ce sun fi rabi. Wani na 2024, wanda ya haɗa mutum wajen 21,000, ya ce in an cire abin da tsoro da zato ke kawowa, kimanin kashi 15 cikin 100 ne, masu tsanani kuma wajen kashi 3. Masu suka suka ce yawancin mutanen da aka lissafa 'yan makonni ko watanni kawai suka sha maganin, ba irin wanda ya shekara biyar a kai ba.

A ɗaya gefen kuma akwai haɗarin komowar ciwon. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2021, an ɗauki mutum 478 da suka daɗe kan magani kuma suka ji sun warware. Waɗanda aka janye musu, kashi 56 cikin 100 ciwon ya komo musu cikin shekara guda, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kashi 39. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa: waɗannan suka ce ga amfanin ci gaba, waɗancan suka ce ai kusan rabi sun daina lafiya lau.

Duk da wannan saɓani, bakinsu ya zo ɗaya kan abu biyu. Bayan an ji sauƙi a ci gaba da sha aƙalla wata shida. In kuma lokacin dainawa ya yi, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan da sanin likita. A wajenmu, mun sani, ba haka abin yake faruwa ba. Wani kuɗi ne suka ƙare. Wani ya shiga azumi na kwana bakwai ya haɗa har da magani. Wata ta tashi a sujada ta ba da shaida cewa ta warke, aka yi murna, ta koma gida ta zuba sauran ƙwayoyin a masai don kada a ce bangaskiyarta ba ta cika ba. Bayan kwana huɗu jiri da kuka suka taso, sai a ce magabci ne ya komo, alhali jiki ne aka yanke wa abin da ya saba da shi farat ɗaya. Muna roƙon fastocinmu da masu bishara, duk wanda ya zo da irin wannan shaida a yi godiya tare da shi, a kuma tura shi wurin wanda ya rubuta masa maganin.

Ƙwayar barci ta kemis

Ga masu fargaba, tarkon da ya fi kusa yana kemis ɗin unguwa. Diyazafam, wato Valium, wadda ta fito a 1963, da 'yar'uwarta Lexotan, suna kwantar da hankali cikin rabin sa'a, shi ya sa ake son su. Amma jiki yana saurin sabawa da su, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da babu kuwa fargabar ta komo ta ninka. Tun 1988 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su. Haɗa su da giya, ko tiramadol, ko kodin, yana iya tsayar da numfashi. Tsofaffi kuma sukan sa su faɗuwa da mantuwa. Akwai likitocin da ke ganin an tsananta tsoron waɗannan ƙwayoyi, suna cewa waɗansu marasa lafiya ƙalilan suna amfana da su na dogon lokaci a hannun likita. Ko da haka ne, wannan magana ce ta wanda likita ke bibiya, ba ta wanda yaron kemis ke ƙirga wa a leda ba. Wanda ya riga ya daɗe a kansu shi ma kada ya yanke rana ɗaya, don hakan yana iya kawo farfaɗiya.

Abin da aka fi amincewa da shi ga ciwon fargaba shi ne jinya ta hanyar tattaunawa, wadda za mu zo kanta, ko kuwa waɗancan ƙwayoyi dangin fuluksetin, domin suna yi wa fargaba aiki kamar yadda suke yi wa damuwa.

Sababbin abubuwa kuwa ba za mu daɗe a kansu ba, don yawancinsu sun fi ƙarfin aljihunmu. Ketamin, wadda ake sa mutane barci da ita a ɗakin tiyata, an gano kaɗan daga cikinta yana ɗaga damuwa cikin sa'o'i. Amurka ta amince da wani nau'inta na shaƙa ta hanci a 2019, hukumar da ke tantance jinya a Ingila kuwa ta ƙi shi a 2022 saboda tsada da rashin gamsuwa da shaidar. Ostireliya ta ba waɗansu likitoci izinin amfani da sinadarin wani naman kaza mai sa maye tun Yulin 2023, masana da yawa suna cewa an yi gaggawa. Tsohuwar hanyar nan ta jinya da lantarki, wadda aka fara a Roma a 1938, sunanta yana ba mutane tsoro, amma yadda ƙa'ida ta tsara yanzu sai an sa mutum barci ake yi, kuma ga wanda ya daina ci da sha da magana tana cikin abin da ya fi saurin tashinsa. Aibinta shi ne mantuwa, wadda ga waɗansu takan daɗe.

Akwai wata gardama da ta shafi makoki. Littafin da likitocin Amurka ke bi wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da can ya ce kada a yi saurin kiran baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa ciwon damuwa. A 2013 aka cire wannan togaciya, masu suka suka ce an mai da hawayen gwauruwa cuta. Jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ƙara wani ciwo, wato makoki mai tsawo, amma ya gindaya sharaɗi cewa sai ya wuce wata shida kuma ya zarce abin da al'adar mutanen ta saba. Mu da muke da zaman makoki da ziyarar ta'aziyya, mun san kuka ba ciwo ba ne. Amma matar da shekara ta zagayo ba ta fita ko bakin ƙofa, 'ya'yanta suna kwana da yunwa, wannan ta wuce a ce mata ta yi haƙuri kawai. Haka nan mai jego da ta kasa jin ɗanta a ranta, tana kuka ba dalili makonni bayan suna.

Wa zai yi jinyar?

Yanzu mun zo inda muke ganin maganar ta fi nauyi. A shekarun 1960 wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama: ni ba kowa ba ne, kowa ya tsane ni, gobe ma haka za ta kasance. Ya tsara hanyar zama da mara lafiya mako-mako, a ɗauki tunanin ɗaya bayan ɗaya a auna shi da abin da ke zahiri, a kuma ba shi ɗan aikin da zai gwada kafin zama na gaba. Wani reshe na wannan hanya ma bai damu da tunanin ba, abin da yake yi shi ne mayar da mutum ga ayyukan da ya bari, yau share tsakar gida, gobe zuwa rijiya, jibi gaida maƙwabciya, domin jiran sai zuciya ta so kafin a motsa shi ne ke ƙara zurfin ramin. Mai tsoron shiga kasuwa kuma a bi da shi mataki-mataki, yau bakin titi, wani mako bakin kasuwa, har jiki ya koyi cewa bugun zuciyar yana lafawa da kansa. Gwaje-gwaje sun nuna ga ciwo mai sauƙi da matsakaici wannan hanya tana kafaɗa da kafaɗa da ƙwaya, amfaninta kuma yakan daɗe bayan an gama. Shi ya sa a 2022 Ingila ta ce kada a riƙa fara wa mai ƙaramin ciwo da ƙwaya sai in shi ya zaɓa, a fara da tattaunawa ko motsa jiki. In ciwon ya yi nauyi, a haɗa biyun.

To, amma wa zai yi zaman? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kukan cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, waɗansu kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassa a asibitocin koyarwa irin su na Jos da Zariya. Mutumin ƙauye kuɗin mota kaɗai ya ishe shi. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, aka buga a 2006, ya nuna ko cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka samu wata jinya a shekarar da ta gabata ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Ɗan ƙasarmu ne ya fara nuna wata mafita. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, maimakon a kulle su a ɗaki. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2008 hukumar ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da yi musu magani, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka ɗauka.

Misalin da ya fi ba mu sha'awa daga Zimbabuwe yake. Wani likita a Harare, Dixon Chibanda, ya ba da labarin wata matashiya da yake dubawa, wadda ta kashe kanta a ƙauye domin iyayenta ba su da kuɗin motar kawo ta. Daga 2006 ya fara horar da tsofaffin mata, kakanni, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitoci. A harshensu na Shona sunan ciwon yana nufin yawan tunani, kusan yadda mu ma muke faɗa. Kaka za ta zauna da mutum sau shida, ta saurara, ta taimake shi ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya da kansa, su tsara abin da zai yi a kanta kafin mako mai zuwa. A gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa wajen kashi 50. An samu irin wannan nasara a Pakistan da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye, da kuma a Yuganda da zaman rukuni.

Duk wanda ya san Zumuntar Mata a ikkilisiyoyinmu zai ce ai muna da kakannin, muna da bencin. Gaskiya ne, kuma sau da yawa gidan fasto ake fara zuwa kafin asibiti. Masu karatu sun san labarin Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, yadda ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da aka fara yi masa kuwa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa. Ba mu da dalilin ɗaukar mai wannan ciwo a matsayin mai raunin bangaskiya. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa abin da kakannin Harare ke yi nasiha ce irin wadda muka saba. An horar da su, akwai ma'aikatan lafiya da ke duba aikinsu, an koya musu su rage ba da shawara su yawaita saurare, wanda shi ne mafi wuya ga dattijo. An kuma koya musu inda iyakarsu take. Wanda ke zancen kashe kansa, ko ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyi, wannan na asibiti ne a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a kai shi. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, bincike ya nuna haka, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya.

Dole mu faɗi ɗaya gefen. A Nuwamban 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton samun mutane ɗaure da sarƙa a Nijeriya, a asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a girmama shi, a nemi yardarsa, a rufa masa asiri.

Wannan na ƙarshe shi ne inda ikkilisiyar da ke son kafa irin wannan benci za ta fara gyara. Ta nemi wata nas ko likita daga asibiti mafi kusa ya horar da mutum uku ko huɗu, a san lambar wayar wanda za a kira in abu ya fi ƙarfinsu, kana a yi alkawari cewa abin da 'yar'uwa ta faɗa a zaune ba zai fito ranar Lahadi cikin jerin roƙon addu'a da sunanta da na mijinta ba, sai in ita da bakinta ta ce a faɗa.